Gawar da Aka Juya Gabas

Ana saukowa daga Juma'a aka kira Insfekta Zakariyya. An tsinci gawa a wani lungu a Tarauni. Shamsuddeen ne, ɗalibin aikin jinya, an soke shi a ciki, an tafi da wayarsa.

Insfekta ya durƙusa, ya daɗe yana kallo. An kwantar da mamacin ta ɓarin dama, fuska na kallon alƙibla, an rufe masa ido. An ɗaure raunin da tsumman goge gilashi.

"'Yan ƙwacen waya ba sa juya mutum gabas," ya ce da Saja Ladi. "Kawo shi nan aka yi."

Suka bi asibitocin da ke kusa suna tambaya. Mai gadin wani asibiti a Gyaɗi-Gyaɗi ya rantse bai ga komai ba.

"Baba, ba kai nake nema ba," in ji Insfekta.

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Wani ɗan adaidaita ya zo har bakin get da mutum kwance a baya. Ya juya, ya dawo, ya sake juyawa. Lawan sunansa. Ku duba wurin wankin mota."

Can suka same shi yana dirzar wani jan tabo a kujerar baya.

"Manja ne wata fasinja ta zubar, Yallaɓai."

"Wa ya rufe masa ido?"

Soso ya suɓuce daga hannun Lawan.

"Wallahi ba ni na soke shi ba. A bakin titi na gan shi, an zagaye shi ana ɗaukar hoto. Na ɗauko shi. Ina isa get sai na tuna yayana. Ya taɓa kai wani da mota ta buge asibiti, aka ce shi ne ya buge shi, har yau yana gidan yari. Na kasa shiga. Yaron yana ce mini, 'Malam, shiga mana, ga ƙofar nan.' Ina ta zagaye har ya yi shiru."

Insfekta ya kira ogansa ya yi bayani.

"Ka kama waɗanda suka soke shi?"

"A'a, Oga."

"To kawo wannan. Daga sama sai kira ake yi."

Ladi ta sa wa Lawan ankwa. 'Yan adaidaita sun taru suna kallo. Wani daga baya ya taɓa na kusa da shi.

"Ka dai gani. Gobe in ka ga mutum a kwance, ƙara wuta kawai."

Insfekta ya ji shi sarai. Ya rufe ƙofar mota.