Jakar Ya Gumsu

"Cire sunanki daga takardar nan, Mu'mina!"

"Ba zan cire ba."

"Ni fa za ki aura, ba takarda ba!"

"To ka aure ni da sunana a jiki."

Hashim ya cire hula ya mayar. A ƙofar gidansu suke tsaye, can unguwar Maisandari, inda katangar filin wasan kwaleji ta kusa jingina da bayan gidajen mutane. Takardar da suke faɗa a kanta mahaifinta Baa Umara ne ke yawo da ita gida-gida, ana sa hannu, don a kai wa hukumar kwaleji ta hana shagalin mawaƙa a filin. Shi kuwa Hashim, shi ne mai haɗa lasifikun shagalin. An kai kuɗin gaisuwa, saura sa rana, sai Baa Umara ya ce muddin lasifikar yaron nan na ruri a bayan gidansa, babu rana babu wata.

"Masoyiyata, ki duba mana," Hashim ya sassauta murya. "Shekara nawa muka yi a garin nan ƙarfe shida kowa ya shige ɗaki? Ni a unguwar Hausari na girma, ban san wani abu wai shi wasa ba. Yanzu Allah ya kawo lafiya, yara sun samu su yi rawa, sai tsofaffi su ce haramun?"

"Wa ya ce maka haramun?"

"To mene ne? Wai kekuna na tare hanya, wai samari na fitsari a gindin katanga... Wannan har ya isa a rufe fili?"

Mu'mina ta kawar da kai. Idonta ya kawo ruwa, ta mayar da shi da ƙarfin tsiya.

"Yaushe za ku gwada kayan?"

"Asabar, ƙarfe huɗu na yamma. Me ya faru?"

"Ka bar wa abokin aikinka Yoila gwajin. Kai ka zo gidanmu huɗu saura kwata, ka gaida Ya, mahaifiyata."

"Na shiga har ciki? Baa zai karya mini ƙafa!"

"In kana sona ka zo. In ba ka zo ba, kar ka sake ce mini masoyiya."

Ta shige gida ta bar shi da baki buɗe.

A tsakar gida ta tarar da Baa Umara yana jera takardunsa a kan tabarma. Ta durƙusa.

"Baa, ka bar ni na gaya masa gaskiya."

"Wace gaskiya?"

"Ta Ya."

Ya ɗago kai a hankali. "Ko da wasa. So kike unguwa ta ce matata ta zare? A riƙa nuna ta da baki a gidan biki?"

"Ai shi ba unguwa ba ne..."

"Mai lasifika ne! Abin da ya shiga kunnensa, gari ya ji. Na gama magana."

"Baa, ka rubuta keke, ka rubuta fitsari. Abin da ya hana ka barci ba ka rubuta ba. Ta yaya za su saurare ka?"

"Mu'mina!"

Ta tashi. Ba ta ce to ba, kuma ya lura ba ta ce ba.

Ranar Asabar bayan la'asar Baa Umara ya tafi gidan bulama, mai unguwarsu, da takardarsa. Huɗu saura kwata Hashim ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga zaure, kansa a ƙasa.

Ya Gumsu, mahaifiyar Mu'mina, na zaune a falo tana ɗura humra a kwalabe, sana'arta ke nan. Ɗakin ya cika da ƙamshi. Mace ce mai fara'a, ga tsokana.

Ta tarbe shi da gaisuwar Kanuri: "Wushe, wushe! Yau surukin ne da kansa? Mu'mina, ashe yana da ƙafa, na zaci a waya kawai yake zaune."

Hashim ya yi dariya, kunya ta kama shi. A ransa yana cewa, to ina matsalar? Ga mata lafiyarta ƙalau.

Ƙarfe huɗu daidai, can a fili, abokin aikinsa Yoila ya kunna manyan lasifikun nan masu gurnani da suke kira wufa.

DUMM!

A fili, in ka tsaya gabansu, kiɗa kake ji. A cikin ɗakin nan babu kiɗa. Ƙasa ce ta motsa. Gilashin taga ya kaɗa, kwalaben humra suka yi ta karo da juna, ɗaya ta faɗo ta fashe.

Ya Gumsu ta miƙe zumbur. Fuskar da ke dariya yanzun nan ta tafi.

"Ya tashi! Innalillahi, ya tashi! Mu'mina! Siddiƙa! Ku fito!"

Tana ƙwala wa 'ya'yanta mata kira ta yi bayan ƙofa da gudu, ta fizgo wata tsohuwar jaka baƙa, a ɗaure tsaf, da gani ta daɗe a shirye.

DUMM!

"Babagana! Ina Babagana? Na aike shi kasuwa... wayyo, ni na aike shi!"

Hashim ya san sunan. Yayan Mu'mina ne, wanda bam ya tashi da shi a kasuwa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya san ya rasu. Abin da bai sani ba shi ne, duk ranar da ya kunna wufa, sai yaron ya sake rasuwa a ɗakin nan.

Ya Gumsu ta juyo ta gan shi. Ta damƙe hannunsa har farcenta ya shige.

"Ka dawo? Alhamdulillahi, ka dawo! Riƙe jakar, Babagana, riƙe, mu tafi!"

Ya karɓi jakar. Da ɗaya hannun ya laluɓo waya.

"Yoila, kashe!"

"Kai, yanzu fa muka fara, ko rabi ban..."

"Na ce ka kashe! Kashe komai!"

Shiru ya sauka. Mu'mina ta rungume uwarta a ƙasa, tana shafa mata baya, tana yi mata magana da Kanuri a hankali, kamar mai lallashin jariri. Ta ɗago ta dubi Hashim, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta karye ba.

"Wannan gwaji ne kawai. Ranar wasa awa biyar kuke yi. In kun gama ku harba nokawut sama, abin tartsatsin nan mai ƙarar bindiga. Wancan karon a bakin titi muka kamo ta, ba takalmi."

"Me ya sa ba ki taɓa..."

"An hana ni. Yau ma an hana ni."

Sai ga Baa Umara a bakin ƙofa, yana haki. Tun ƙarar farko ya baro gidan bulama da gudu. Ya ga matarsa a ƙasa, ya ga jakar a hannun baƙo.

"Wa ya shigo da kai gidana?"

"Ni ce, Baa," in ji Mu'mina.

"Na hana ki!"

"Ka hana. Na yi. Ka yi mini duk hukuncin da ka ga dama, amma Ya ba abin kunya ba ce. Ɗanta aka kashe!"

Baa Umara ya ɗaga hannu, ya tsaya da shi a sama, ya sauke. Ya juya kan Hashim ya miƙa masa takardar kamar zai soke shi da ita.

"To ka gani. Ka ji daɗi. Sa hannu."

"Ba zan sa ba, Baa."

"Me ka ce?"

"Ba zan sa hannu a hana wasa ba. Waɗanda suka kashe Babagana su ma shiru suke so garin nan ya yi, ni kuwa ba zan taya su ba. Amma wufa shidan nan nawa ne, da gumina na saye su. Yau za su bar filin. Sauran lasifikun zan juya su su kalli daji. Nokawut kuma..." ya ajiye jakar a hankali gefen Ya Gumsu, "ka bar ni da su."

"Za su kore ka," in ji Mu'mina.

"Su kora. Ke kar ki kore ni, hasken idona, shi ke nan."

"Kai, a gabana?" Baa Umara ya daka tsawa. "Fita mini daga gida, mara kunya!"

Ya fita. Kai tsaye fili ya nufa, ya samu Alhaji Abdulnasir, mai shirya wasan, ya gaya masa a gaban kowa: babu wufa, kuma in aka harba nokawut ko ɗaya, zai zare wayar lasifika, mawaƙin ya tsaya da baki buɗe gaban mutum dubu biyar. Alhaji ya yi zagi, ya yi barazana, amma wasa gobe ne, babu inda zai samo wasu kaya. Aka yi wasa, yara suka yi rawarsu. Hashim bai ɗaga hannu daga kan wayar ba har aka tashi. Ba a harba komai ba. Alhaji kuma bai sake ba shi aiki ba, har yau.

Kwana uku Baa Umara bai yi wa 'yarsa magana ba. Rana ta huɗu ya jefo mata biro da sabuwar takarda.

"Rubuta gaskiyar abin. Ki sa sunan uwarki a farko."

Da takardar ta zaga, sai ga abin mamaki. Madam Agnes ta gidan kusa ta ce mijinta ƙarƙashin gado yake shiga. Wani tsohon direba ya ce shi banɗaki yake kulle kansa. Gida goma sha huɗu, kowa na ɓoye nasa, kowa na cewa keke ne ya dame shi. Hukumar kwaleji ba ta rufe fili ba. Ta dai hana nokawut, ta ce lasifika ta juya wa unguwa baya. Baa Umara ya ce bai isa ba, zai ci gaba da kai takarda. Amma ya sa rana.

Ranar da za a kai amarya, Ya Gumsu ta jawo baƙar jakar ta zazzage a kan gado: takardun haihuwa, tocila, zani biyu, da rigar makarantar Babagana. Ta ɗauki rigar ta sa a ƙarƙashin matashinta. Jakar kuwa ta cika ta da humra da turaren wuta, ta miƙa wa Mu'mina.

"Tafi da ita. Na gaji da ganinta a bayan ƙofa."

Mu'mina ta fashe da kuka.

A waje mata sun cika tsakar gida, Yoila na kan kayan kiɗa. Ango ya ja masa kunne tun safe, don haka sautin ƙasa-ƙasa yake fita, da ƙyar ake ji. Ya Gumsu ta leƙo, ta kasa kunne, ta yamutsa fuska.

"Kai Yoila! Bikin 'yata ake yi ko zaman makoki?"

Yoila ya dubi Baa Umara. Baa Umara ya dubi matarsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ba ka ji abin da ta ce ba ne?" ya ce. "Ƙara!"