Fenti a Ƙafar Hasumiya

Ranar Asabar, da misalin ƙarfe goma na safe, wata yarinya ta ji mahaifinta yana magana a tsakar gida. Ba su daɗe da tarewa a gidan ba. A bayansa akwai wata doguwar hasumiyar ƙarfe mai ƙafa uku. Babu wanda ya san amfaninta.

Baba ya ce wa Mama, "Gobe mai gyaran rediyo zai zo ya duba ta. In tsatsa ta cinye ta, sai a sare ta."

Yarinyar ba ta so a sare ta. Kurciyoyi sun yi sheƙa a saman hasumiyar, kuma kullum da safe takan gaishe su.

Ta zagaya ta duba. Ƙafa ɗaya ta yi jawur da tsatsa. Sai ta ɗauko ragowar fentin ƙofa, ta shafe wurin tas.

Washegari mai gyaran ya iso. Dattijo ne mai fara'a. Ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallo.

"Allah sarki! Ai hasumiyar eriya ce," in ji shi. "Akwai masu sha'awar rediyo da ke kafa irinta a gida. Da ita suke hira da mutanen ƙasashe masu nisa."

"Ba tare da waya ba, Kaka?"

"Ba waya, jikata. Ko surutunki ma sai ya ƙetare teku."

Ya leƙa ƙafafun, ya ga suna sheƙi. "Ƙasa dai lafiya lau. Bari in hau in ga sama."

Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ɗora ƙafa a matakin farko. Ƙarfen ya yi ƙara kaɗan.

"Kaka, kada ka hau!" Yarinyar ta riƙe masa riga, ta fashe da kuka. "Akwai tsatsa. Ni na rufe ta da fenti."

Baba ya ɓata rai. "Kin san da ya faɗo?"

Ta sunkuyar da kai. Dattijon ya sauko, ya miƙa mata burushin ƙarfe.

"Mai fenti, ga aikinki. Kankare mana shi."

Ta yi ta kankara har hannunta ya yi zafi. Da fentin ya fita, sai ga rami a jikin ƙarfen, wanda yatsa zai shiga.

Dattijon ya ƙwanƙwasa sauran ƙafafun da guduma, yana saurare. "Waɗannan biyun garau suke. Mai walda zai canza wannan guntun. Ba sai an sare ta ba."

Yarinyar ta share hawaye, ta ce, "Baba, ka yafe mini."

Baba ya dafa kanta. "Na yafe miki, 'yata. Da kika faɗi gaskiya, kin ceci mutum, kin ceci hasumiyar."

Tun daga ranar ta gane cewa ɓoye ɓarna ba gyara ba ne. Sai an nuna ta ake samun maganinta.