Ɗakin Katako Mai Ƙofa Ɗaya

Nafi'u, Zuwaira, Sallau, ku matso kusa. Ku kife wayoyin nan. Ban kira ku daga garuruwanku don ku zo ku zauna kuna latse-latse ba. Zuwaira, ja ƙofar nan, kada yara su ji. Muryata ba ta da ƙarfi yanzu, kuma ba zan maimaita ba.

Maganar ɗakin katakon nan na lambu ce, da maganar Haladu kafinta, ɗan yayana, wanda ya haɗa shi. Kun ji ta tsinci-tsinci a waya. Yau za ku ji ta daga bakina.

Kai Nafi'u, kai ka aiko da ɗakin daga Fatakwal. Na san don alheri ka yi. Ka ce na tsufa, in na gaji da ban ruwa in sami inda zan miƙe ƙafa. Ban roƙa ba, amma na gode. Mota ta sauke shi a wargaje. Gumagumai ne dogaye, an fafe bakin kowanne yadda wani zai hau kan wani ya zauna daram. Kowanne da lambarsa, ga kuma takarda mai zane. Ƙofa ɗaya, taga ɗaya.

Sai maganar inda za a kafa shi. Kun san siririn filin nan da ya ratsa lambun, daga gindin kanya ta gabas ya miƙe sak har tafki ta yamma. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sa fartanya a wurin ba. Haka ya tarar, haka ya bari. Ciyawar wurin kullum a kwance take, ko da iska ko babu.

Haladu ya zagaya da waya yana nuna maka lambun. Ka hango filin, ka ce ga wuri a share, ba sai an tuge albasa ba. Na karɓi wayar na ce maka wurin hanya ne. Ka tambaye ni hanyar wa. Na ce ba a faɗa. Ka yi dariya ka ce Inna ke nan.

Na ce to, a yi yadda ake yi. A kafa turaku, a ja igiya, a bar su su kwana. In gari ya waye suna tsaye, a yi gini. In an tarar an tuge su an jere a gefe, masu wurin sun ba da amsa. Haladu bai ƙi ba. Amma leburorin da suka zo da motar sun ce a ranar za su juya, kuma su suka san ɗagawa da ɗorawa. Na je gaisuwar rasuwa a bayan layi, kafin in dawo an shimfiɗa gumaguman ƙasa. Na sami inuwa na zauna.

Bango uku suka tashi lafiya lau. Na baya, wanda ya kalli kanya, shi ya ƙi. A ɗora gungume, a buga da guduma, ya zauna. A juya baya, sai a ga ya ɗaga. Haladu ya duba lamba, ya duba zane, ya ce komai daidai yake. Ya share gumi ya ce ƙila rana ce ta lanƙwasa katakon.

Rana ta take tsaka. Leburori suka tafi cin abinci. Ya rage daga ni sai Haladu.

Abin da na fara lura da shi, tsuntsaye sun yi shiru. Kanyar nan ba ta rabuwa da hayaniyarsu. Sai ga wani dattijo ya fito daga wajenta, dogo, da farar riga wadda ta sha jiki. Ba sanda, ba jaka. Yana tafe a hankali, irin tafiyar wanda ya daɗe a kan hanya.

Ya yi sallama. Na ga leɓensa ya motsa ya rufe, sannan muryar ta iso. Kuma ba daga bakinsa ta fito ba. Daga ƙasa ta taso, kamar mai magana cikin rijiya.

Na amsa, na sunkuyar da kai. A nan na ga ƙafafunsa. Da safe ruwa ya ɓalle daga fangalin albasa ya kwanta a wurin, ƙasar ta zama taɓo. Sawun leburori duk ga shi birjik. Shi ya taka, ya wuce, taɓon bai ko lotsa ba. Gefen rigarsa a bushe.

Ba a nuna musu an gane su. Na kama carbina a cikin zane, na yi ta yi wa Haladu ido. Shi kuwa yana saman tsani, da ƙusa a baki, bai dube ni ba.

Dattijon ya tsaya ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce:

"Kafinta, ƙofa nawa?"

"Ɗaya, Baba. Haka aka yanko shi."

"Mu kuma ta ina?"

Haladu ya ɗauka makiyayi ne mai neman inda zai bi da dabbobi. Ya cire ƙusar daga baki, ya nuna masa gefen shinge, har da wasa, ya ce ga hanya can, a kewaya, ƙafa ba ta ƙarewa.

Dattijon ya ce, "Ba mu san kewaye ba."

Bai yi fushi ba. Da ya yi fushi ma da na fi samun sauƙi. Ya juya ya koma wajen kanya. Na ɗaga kai, babu kowa.

Na ce wa Haladu ya sauko. Na faɗa masa abin da na gani. Na ce ya bar gurbi a bangon baya, daidai da ƙofar gaba, yadda abin da ya shigo zai fita. Haka tsofaffi suke yi wa bukkar lambu in ta zo kusa da irin wannan wuri. Ya kira ka a waya, Nafi'u. Ina jin muryarka. Ka ce in aka cire gungume ko ɗaya rufin ba zai zauna ba, a bi takarda kawai. Haladu ya dube ni ya ce, Gwaggo, aikin mai aiki ne. Ya ɗauko dogayen ƙusoshi, waɗanda ba sa cikin zanen, ya ɗinke bangon da su. Kafin la'asar sakaliya an ɗora rufi.

Washegari da tsakar rana Haladu yana cin tuwo a gidansa. Matarsa Hansai ta ce ya ajiye loma, ya miƙe, ya fuskanci yamma, ya yi ta tafiya har goshinsa ya daki bango. Ya tsaya a nan. Ta yi kira, ta ja riga, ko gezau. Sai da rana ta karkata ya dawo hayyacinsa, yana tambayar wa ya ɗauke masa kwano.

Tun daga ranar kullum haka. An kai shi asibiti, sun duba kai, sun duba jini, sun ce ba su ga komai ba. Malamai sun yi karatu, Allah ya saka musu, yana samun barci amma bai daina ba. Goshinsa ya yi kanta. Hansai ta ɗaura matashi a bango, ita ma ta rame. Ba ya iya karɓar aiki, wa zai ba da aiki ga wanda zai ajiye zarto ya tafi? Ranar da abin ya same shi a waje, ta cikin ƙaya ya bi, ta cikin kwata, bai kauce ba. A lambu aka same shi. Yana tsaye a bayan ɗakin, goshinsa a jikin bangon.

Na gaji da kallon Hansai tana kuka ba sauti. Ranar Laraba da ta wuce na ɗauki sandata na tafi lambun da tsakar rana, ni kaɗai.

Na fara zagayawa baya. Ciyawar bayan ɗakin ta mutu, ƙasar ta daddale kamar bakin rijiyar kasuwa. Kuma babu sawu ko ɗaya. Na dawo na shiga ciki, na zauna a ƙasa, na jingina da bangon.

Da farko shiru. Sai na fara jin numfashi ta bayan katakon. Ba na mutum ɗaya ba. Wani ya sauke kaya ya sake ɗauka. Wata tana jijjiga goyo. Can baya wani tsoho yana tari. Ba mai magana. Irin shirun mutanen da suka daɗe a tsaye ne.

Hasken ƙofa ya ragu. Dattijon nan ne, a tsaye a bakin ƙofar. Bai shigo ba.

Na ce, "Bawan Allah, yaron nan ɗan aike ne. Ku sake shi."

Leɓensa ya motsa. Na jira muryar.

"Ba mu kama shi ba, maƙwabciya. Jira yake tare da mu. Shi ne a gaba."

Na tambaye shi har zuwa yaushe. Ya ce su masu haƙuri ne, sun sha ruwan tafkin nan tun ba a dasa kanyar ba, kuma ba su taɓa taka mini ko ganyen latas ba. Amma na baya suna da yawa, kuma ba dukansu ke jin maganarsa ba.

"In ruwan farko ya sauka, na baya za su turo."

Na gane. Ku ma kun gane. Wanda ke gaba, goshinsa a jikin katako.

Na ce zan sa a fasa ƙofa a bangon baya gobe. Ya girgiza kai. Ya ce ni aka ba ɗakin, amma ba ni na ce a rufe ba. Wanda bakinsa ya rufe hanyar, hannunsa ne zai buɗe ta. Sai ya sunkuya ya ajiye wani abu a bakin ƙofa. Da na kai hannu na ɗago, ba ya nan.

Ga shi. Sakata ce. Ku taɓa ku ji sanyinta. Baƙin itace ne, na nuna wa tsofaffin masassaƙa, ba wanda ya san irinsa. Ya ce ta sabuwar ƙofar ce. In rufe da dare in ina so, in buɗe kafin rana ta take. Ko a cikin mutane ban cika ganin mai neman haƙƙinsa ya zo da tasa gudummawar ba.

Yanzu na ji abin da kowannenku yake faɗa a bayan idona. Sallau, ka ce biya wa aljani buƙata hanyar shirka ce. Na ji, kuma ina tsoron Allah kamar yadda kake tsoronsa. Amma bai nemi jini ba, bai nemi turare ba, bai ce in roƙe shi komai ba. Hanya aka tare masa, hanya ya nema. In kana da wata fatawa, kawo ta yau, ba bayan ruwa ba. Zuwaira, kin ce a sayar da lambun a huta. A sayar wa wa? Mu miƙa wa wani bawan Allah abin da muka sani, mu bar Haladu a jikin bango? Kai kuma Nafi'u, ka ce ciwon ƙwaƙwalwa ne, za ka kai shi babban asibiti, kuma in aka yanka bangon ɗakin ya lalace. Kai shi, ban hana ba. Amma katako ne, Nafi'u. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, abin da za ka rasa katako ne.

Lambun nan gadonku ne ku uku, ba a raba ba. Ɗakin Nafi'u ne ya saye shi, kuma bakinsa ne ya rufe hanyar. Ni ba ni da ikon komai a ciki sai zama, kuma da hannuna zai yi, da tuni na gama. Zarton Haladu yana nan a zaure, Hansai ta kawo.

Abu ɗaya na hana. Kada wanda ya je lambun nan shi kaɗai da tsakar rana, ko don gwaji, ko don gardama. In za a je, ku je ku uku da hantsi, ku yi sallama, ku yi bisimilla, kada ku tsaya a kan filin.

Yau da yamma na ga hadari ya haɗu a gabas, iska ta watsa shi. Gobe ban sani ba. Ni na gaji, zan kwanta. Ku zauna a nan ku kashe maganar nan a tsakaninku. In na fito sallar asuba, ina so in ji abin da zan faɗa wa Hansai.