Bidiyon Matar Dattijo

Gab da magariba ina shirin rufe shago, wani dattijo ya yi sallama, ya miƙo mini katin kyamara. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"'Yata, bidiyon matata ne. Muryarta ta ƙi fitowa."

Na ɗora shi a manhajar tace bidiyo. Ga mace zaune tana magana, amma layin sautin a miƙe yake kamar zare. Na duba ko an kashe sautin ne, na sauya tsarin fayil ɗin, na sake ɗorawa. Shiru.

"Baba, ai tun farko ba a ɗauki sautin ba."

"Gwada makirufonki mu gani."

Don kada in yi wa babba musu, na jawo shi na ce, "Ɗaya, biyu, ana ji na?" Fitilar sauti ta haska. Dattijon ya sunkuyo dab da makirufon ya ce, "Madalla." Fitilar ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Na sake kunna bidiyon. Matar ta dubo ni, ta ce da muryata, "Ɗaya, biyu, ana ji na?"

Na buɗe baki in ƙwala wa yayana kira a shagon gefe. Iska ce kawai ta fito.