Waƙar Raƙumin Tsaraba

Ranar da Manal ta fara ganin Yunus, haushi ya ba ta. Ta kai wa mahaifinta, Alhaji Mahadi, wanda take kira Abuya, abincin rana a shagonsa na tsarabar alhazai a Kudai, cikin garin Makka, sai ta tarar da wani zabgegen saurayi yana ta danna cikin raƙumin roba. Raƙumin na kiɗa, shi yana ƙyalƙyala dariya, ko kunyar gemunsa ba ya ji. Ta galla masa harara, ta ce in ba saye zai yi ba ya daina cinye musu batir. Ya saya, ya fita yana waiwaye.

Ashe mai zana katun ne, ɗan unguwar Mansur. Ba a jima ba raƙumin ya ɓulla cikin katun ɗinsa a wayoyin mutane, yana kwaikwayon jaruman fim da masu sharhin ƙwallo, yana kuma rera wa wata "Mai Harara" waƙa a hankali, da kalangu. Manal ta gane kanta. Daga harara aka koma hira, har manya suka sa ranar milka, wato ɗaurin aure.

Sai ga Hatim, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda ya nemi Manal aka ba shi haƙuri bai haƙura ba. Ya kunna wa kawunsa wani katun na Turawa, ga ƙanƙara, ga bishiya mai fitilu, yara na waƙar Kirsimeti. Karin waƙar sak na Yunus. Alhaji ya hau sama, ya ce wanda zai rera wa 'yarsa wannan a garin Makka ba surukinsa ba ne, halas, magana ta ƙare.

Ran Manal ya ɓaci iyakar ɓaci, ta rubuta wa Yunus:

"Yunus, ka cuce ni. Waƙoƙin duniya ne suka ƙare? Abuya ya fasa, dangi sai yawo suke da sunana. Kar ka sake ce mini Mai Harara."

Amsa ta shigo:

"Galbina, zuciyata, wallahi ban san waƙar bikin wasu ba ce. A Mansur aka haife ni, a ina zan ji ta? A shagonku na saye ta. Danna cikin raƙumi ki saurara."

Ko mayafi ba ta tsaya gyarawa ba. Ta iske Alhaji da Hatim a shago suna shan shayi, munafukin har da ɗora ƙafa. Ta danna raƙumi ɗaya, ta danna na kusa da shi, ta bi kantar kaf. Shago ya ɗauka da karin waƙar nan sak, kiɗan da kunnuwansu suka saba da shi har suka daina ji.

"Abuya, ka gafarce ni," in ji ta. "Tun ina rarrafe kake sayar da waɗannan. Alhazan Kano da na Damagaram duk sun kai wa jikokinsu, wai tsarabar Makka. In laifi Yunus ya yi, a nan ya sayi laifin."

Alhaji ya daɗe yana saurare, kofi a hannu. Sannan ya juya kan Hatim, ya tambaye shi yadda aka yi ya gano waƙar farat ɗaya a katun ɗin Yunus, amma kullum yana zaune a shagon nan yana jin ta bai taɓa cewa uffan ba. Hatim ya sulale, ko sallama babu. Yinin ranar Alhaji cire batir ya yi, yana tsaki yana istigfari.

Ranar milka, bayan an shafa fatiha, Alhaji ya miƙa wa ango raƙumi ɗaya wanda ba ya ko tari.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari. Kai kuma, tunda ka iya, ka nema masa waƙar da zan iya ji."

Da Yunus ya ɗaga mayafin amarya, hararar na nan inda ya bar ta, sai dai yau dariya ke neman ƙwace mata.