Ramin Gidan Nabor

Ranar da aka binne tsohuwa Doña Cleotilde a Frontera, garin da kogi ke shiga teku, yara shida na layinsu suna kwance a asibiti da amai da gudawa, ciwon da ya kashe ta. Likita ya ce najasa ce ta shiga rijiyar layin. Ɗan marigayiyar, Nabor, shi ya kawo ƙara, idanunsa jawur.

"Sajan, wani ya kashe mini uwa. Ka fara da aladun Ciriaco."

Sajan Eulogio Priego ya ja takalmansa na roba, ya shiga taɓo da gwiwarsa mai ciwo. Wata biyu ke nan ruwan sama bai ɗauke ba.

Ciriaco, maƙwabcin Nabor, ya nuna masa garke wayam. "Aladu? Ambaliyar bara ta kwashe su. Wanda ya tsira kuwa har da kai aka ci."

Sai Remedios, mai motar kwasar masai. Tana shan pozol, kunun masara da koko, ba ta ko miƙe ba.

"Can bayan gari nake zubarwa, ka bi sawun tayata in ƙafarka za ta kai ka. Gida tara ne a layin nan, kowane na kwashe shi sau biyu a daminar bana, ban da na Nabor. Har na ce ko sun daina cin abinci ne."

Priego ya bi sawun, ya tarar gaskiyarta ce. Washegari da safe, kogi na cike, ya sa aka ɗaga murfin kowane ramin masai, ya zura kara ya yi alama. Da yamma, bayan teku ta janye ruwan kogin, ya sake zagayawa. Takwas suna nan yadda ya bar su. Na tara, na Nabor, ya sauka da tsawon tafin hannu.

Priego ya sami Nabor a ƙofar gida, ya zauna gefensa da ƙyar.

"Ramin da aka shafe gindinsa da siminti ba ruwansa da kogi, Nabor. Naka yana cika da shi, yana sauka da shi. A huje yake. Taku goma sha biyu ne daga nan zuwa rijiya, na auna."

Nabor ya amsa.

"A watan Yuni ƙazanta ta riƙa dawowa har ɗakin Mama. Ba ta iya tafiya, Sajan. A ciki take kwana. Na shiga ramin da guduma na fasa gindin, na ce ƙasa za ta shanye."

"Ƙasar nan ba ta da wurin shan komai. Ka sani."

"Na sani." Ya goge fuskarsa. "Yaran fa?"

"Biyar sun tashi. 'Yar Ciriaco ce har yanzu ba ta buɗe ido ba."

Nabor ya miƙe, ya shiga ciki ya ɗauko takalmansa don ya bi Sajan.