Makullin da Ya Tashi a Hannun Sazali

Sufeto Hairul Nizam bai ko shanye shayinsa ba aka tura shi garin Butterworth, wai an yi sata a wani kamfani mai fitar da kifi ƙasashen waje. Ya tafi yana tsaki. Tun da aka ƙara wa wanda shi ya koya wa aiki girma aka tsallake shi, komai haushi yake ba shi.

Puan Lim, wato Uwargida Lim, mai kamfanin, ta tare shi a bakin ƙofa ta ja shi gefe.

"Tuan, yallaɓai, rage murya, ma'aikatana ba su san an yi sata ba."

"Me aka ɗauka?"

Ta ɗaga ɗan ƙaramin yatsanta. "Makulli ne, bai fi wannan ba, a jikin kwamfuta ake soka shi. In babu shi VPN ba ya tashi, wato hanyar sirrin da muke aika takardun kaya hedikwata. Motocina na can tashar jirgin ruwa, ƙanƙara na narkewa a kan kifi."

Ta ce da safe aka ɗauke wuta. Da kwamfutar ta sake tashi, hanya ta ƙi buɗewa, ga kuma makulli a soke a jikinta. Sai ta karanta wa hedikwata lambar jikinsa ta waya, suka ce ai wannan tsoho ne, tun bara aka soke aikinsa, ko aljani ba zai tashe shi ba. Wani ya musanya ke nan. Nan take ta kulle ɗakin kwamfutar ta kira 'yan sanda.

"Su wa ke shiga ɗakin?"

"Sazali da Thilaga. Amma Thilaga na damƙa wa makullin. In bai fito ba, yau ta bar aiki, kuma ka tafi da ita."

Sufeto ya sami Thilaga a kan benci, idanu sun yi ja. Matashiya ce, ba ta jima a kamfanin ba.

"An ce kin taɓa kwamfutar nan kwanan baya."

"Gyara na yi, Tuan. Da can in aka kunna ta, VPN ne ke riga makullin farkawa. Ya duba bai ga kowa ba, sai ya haƙura ya kwanta. Dole sai an zare makullin an mayar, an sake kiransa. Ni kuwa na sa shi ya riƙa jira har makullin ya farka, shi ke nan."

"Kafin ki zo wa ke zarewa da mayarwa?"

"Abang Sazali. Shekara da shekaru, ko yana gida sai an kira shi. Har suna aka sa masa, Abang Zare-Mayar, wato Yaya Zare-Mayar."

"Ina tsofaffin makullan da aka soke aikinsu?"

"Ban taɓa ganinsu ba. Kafin zuwana ne."

Sazali yana ɗakin shan shayi yana yagar gurasar roti yana tsomawa a miya, hankalinsa kwance. Dattijo ne mai furfura a gashin baki.

"Tsofaffin makullai? Duk na mayar hedikwata, Tuan. Me ya kawo zancensu?"

"Tambaya ce kawai. Me kake gani ya lalace?"

"Gyaran gwanar mana!" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Yarinya ta zo jiya-jiya, ta danna nan ta danna can, aka yi ta tafi. Ranar walimar kamfani, a gabana Puan ta ce Thilaga ta raba mu da ciwon kai. Ni ne ciwon kan ke nan? Ni da na bar sallar Idi na zo na tashe musu kwamfutar nan?"

Wannan ɗacin Sufeto ya san shi, don da shi yake kwana da shi yake tashi duk watan nan. Har ya ji tausayin mutumin, kuma tausayin ya ba shi haushi.

"Tun safe nake cewa a bar ni in taɓa ta," in ji Sazali, yana goge hannu. "Puan ta kulle ƙofa, ta bar 'yar lelen tata tana kuka. Ka sa a buɗe min, Tuan, yanzu motoci su wuce."

Sufeto ya lura duk maganar nan hannunsa na hagu bai rabu da aljihun wando ba.

"To, taso."

Aka buɗe ɗakin. Ma'aikata suka yi cincirindo a bakin ƙofa, Thilaga na can baya. Puan Lim ta buɗe baki za ta yi magana, Sufeto ya girgiza mata kai.

Sazali ya durƙusa, ya kare kwamfutar da kafaɗarsa. Ya zare makullin, ya hura masa iska kamar yadda ya saba, ya mayar. Fitila ta yi ƙyaf-ƙyaf, ta tsaya kore. Hanya ta buɗe.

"Ya tashi!" wani ya yi ihu. Aka ɗauki tafi, ana "Abang Zare-Mayar! Tsohon hannu!"

Sazali ya miƙe, fuskarsa fal annuri, ya nemo idon Thilaga. "Kin gani, ƙanwata? Ba komai ake koya a jami'a ba."

Sufeto ya bar shi ya sha tafin nan har ya ƙare, don ya san shi ya daɗe yana nema. Sannan ya matso.

"Abang, makullin da ke jikin kwamfutar nan da safe matacce ne. Hedikwata ta tabbatar. Ta yaya matacce ya tashi a hannunka?"

Sufeto ya dubi hannun da Sazali ya dunƙule.

"Buɗe hannunka na hagu."

Sazali ya dubi ƙofa, ya dubi Puan Lim. A hankali yatsun suka saki. Ga tsohon makullin kwance a tafinsa, ya jiƙe da gumi.

"Ba sayarwa zan yi ba," ya ce. "Jiya da yamma na musanya. Na san wata rana wuta za ta ɗauke. So nake a sake nemana, ko sau ɗaya ne. Tun da ta yi gyaran nan wayata ba ta ƙara yin ƙara ba."

"Da an tafi da ni fa, Abang?" Thilaga ta tambaya.

Sazali ya sunkuyar da kai.

Sufeto bai sa masa ankwa ba, hannun rigarsa kawai ya riƙe. Har sun kai bakin mota wuta ta sake ɗaukewa, ta dawo. Sazali ya ja ya tsaya, ya juya yana sauraron ko za a ƙwala masa kira.

Daga ciki aka jiyo muryar Puan Lim. "Ku bar kwamfutar, ta tashi da kanta."

Sufeto ya buɗe masa ƙofar baya, ya shiga.